Kujerar Auta

Kwana huɗu kafinta ya yi yana haɗa kujerar. A ɗakin gashin ƙashi na asibiti ya ga irinta, wani yaro na zaune a ciki, ya ɗauki hotonta da waya. 'Yarsa Auta ta haura shekara biyu, har yanzu ba ta zama da kanta. Likita ya ce ranar haihuwarta ta daɗe ba ta yi numfashi ba, sashen ƙwaƙwalwa mai kula da motsi ya sami rauni.

Da ya gama, ya lulluɓe katakon da soso, ya zaunar da ita a tsakar gida. Ko minti ɗaya ba a yi ba ta banƙare, ƙeyarta ta bugi majingina, hannunta ya murɗe ta baya, ta tsala ihu.

"Ciro ta, Baban Auta! Ciro ta mana!" in ji matarsa.

Washegari suka koma asibiti, ita da goyo, shi da kujera a kafaɗa. A kan bencin jira ya kasa ɗauke ido daga yaran mutane. Ga wani ƙafafunsa sun sandare sun harɗe kamar almakashi. Ga wata 'yar shekara bakwai tana tafiya tana tangaɗi, ta miƙa hannu ga kofi ta wuce shi.

Ya sunkuya ya ce wa matarsa, "Ko mataki-mataki ne abin? Daga wannan sai wancan?"

"Don Allah ka yi shiru."

Da aka kira su, likitar gashi ta duba ƙeyar Auta, ta ce ba ta ji rauni ba. Sannan ta zagaya kujerar tana shafa ta.

"Malam, aiki ya yi kyau. Sai dai kujerar wani ka yi mata."

"To ba ciwonsu ɗaya ba ne?"

"Sunan ɗaya ne, amma iri-iri ne. Yaron da ka gani, jikinsa ƙagewa yake yi. Wasu tangaɗi ne matsalarsu. Ita Auta jikinta ne ke motsi ba da sonta ba, yanzu ya saki, an jima ya ɗaure. Akwai ma waɗanda suka haɗa biyu. Tata kujerar tana buƙatar abin tare kai, da ɗamara a ƙugu."

Kafinta ya dubi Auta. "Zai ƙaru ne?"

"Raunin ƙwaƙwalwar ba ya ƙaruwa. Amma gaɓoɓi kan ƙage idan aka bar motsa su."

"Za ta yi tafiya?" Matarsa ce ta tambaya, murya can ƙasa.

Likitar ta dube ta. "Ban sani ba tukuna, 'yar'uwa. Ba zan faɗa miki abin da ban sani ba."

Ta ɗauko tef ta auna bayan Auta da cinyarta, ta rubuta masa a takarda.

Da la'asar ya ɓamɓare majinginar a shago. Ya ja layi da fensir, ya ɗora zarto, sai ya kasa yankawa. Ya kira matarsa a waya.

"Ki sake auna min bayanta. Daga ƙugu zuwa ƙeya."

"Ai likita ta rubuta maka."

"Na sani. Ki dai sake aunawa."