Fitila da Rana Tsaka

Iklima mai ɗaukar hoto ta zo Alelu daga Jega don ta ɗauki Hanan, jikar Inna Fatimatu, a bakin gonar albasa. Yarinyar ta ƙi cire malfar marigayi babanta, inuwar malfar kuwa ta rufe mata fuska, kowane hoto ya fito duhu. Da Iklima ta matso, sai kunya ta sa Hanan ta sunkuyar da kai.

"A bari hakanan, ɗiyata," in ji Inna.

"Wallahi Inna, ba ni tahiya sai idonta ya hito."

Iklima ta sauya gilashin kyamara, ta sa dogon mai jawo nesa, ta ja baya har gindin rumbu. Filasha kuma, wato fitilar kyamara, ta ba Inna ta riƙe kusa da yarinyar.

"Hitila da rana tsaka?" in ji Inna. "Mi za ta haska?"

Hanan ta ɗago tana yi wa kakarta dariya. Iklima ta danna, haske ya shiga ƙarƙashin malfar.

Inna ta daɗe tana kallon hoton, sannan ta ce, "Ashe mai malfar bai tahi da idanunshi ba."