Fuskar Inna a Katako

Alhaji Babani mai albasa ba ya zuwa wurin kowa da roƙo. Tun yana saurayi ya baro Tibiri ya kafa rumfa a unguwar Adjamé ta Abidjan, kuma mutane ne ke zuwa wurinsa. Amma ranar nan ya rufe rumfa da wuri, ya shiga woro-woro, tasin haɗaka, zuwa unguwar Treichville, hannunsa dafe da aljihun ƙirji.

Hoton mahaifiyarsa ne a aljihun, kuma shi kaɗai ne hotonta a duniya. An ɗauke shi lokacin da Inna ta zo Abidjan ganin 'ya'yanta, kafin ta koma gida ta rasu. Danshi ya ci gefensa, ninki ya tsattsaga shi.

Yayarsa Delu ce ke ajiye da shi a ɗakinta. Idanunta sun mutu bara. Takan ciro hoton ta shafa, ba ta jin komai sai santsin takarda. Da safen nan, yana shan koko, ta ce masa, “Babani, fuskar Inna ta fara ɓace mini.” Kokon nan dai bai ƙarasa shi ba.

Jikarsa Iklima tana da shago kusa da tashar mota ta Gare de Bassam. Injin leza gare ta, mai zana hoto a jikin katako da wani siririn haske mai ƙuna. Amare da masu suna ke kawo mata aiki. Da za ta buɗe shagon, Babani cewa ya yi yarinya ta gama boko ta koma ƙona itace. Bai taɓa leƙawa ba.

Tana ganinsa a ƙofa ta miƙe.

“Yau kuma angon nawa ne da kansa? Ko hanya ka ɓata?”

“Wa zai auri mai warin hayaƙi?” Ya ajiye hoton a tebur. “Abin naku, hannu yana jinsa?”

“Idan na zurfafa, yana ji.”

“To ki zurfafa. Na Yaya ne.”

Iklima ta dubi hoton, ta dube shi, ta bar wasa. Ta ce ya dawo bayan la'asar. Ya tafi masallaci, ya zauna cikin tsofaffin abokan fatauci, ba ya jin rabin abin da suke cewa.

Da ya dawo ta miƙa masa farin katako mai faɗin faranti, da ɗuminsa, yana ƙanshin ƙuna. Aiki ya yi kyau. Ga ɗaurin kallabi, ga 'yan kunne, ga idanun nan masu kallon mutum kai tsaye. Babani ya daɗe yana dubawa.

“Wace ce wannan?”

“Kaka, Inna ce mana.”

“Uwata Bagobira ce. Wannan kuncinta kamar na jariri. Ina zanenta?”

Iklima ta dafe baki. A Abidjan aka haife ta, Faransanci ya fi Hausa sauƙi a bakinta, kuma a gidansu babu wanda aka yi wa aska bayan kakanta. Ta ce, “Na ɗauka tsagewar takarda ce. Na netwaye shi duka a odinater.”

“Kin me?”

“Na goge.”

“Kin goge Gobir.”

Dariya ta taso mata, ta danne. Ta buɗe hoton na asali a allon odinater ɗin, wato kwamfuta, ta ƙara girmansa. Nan matsalar ta fito. Ninkin takarda ya bi ta kan kumatun Inna, tsaga ta hau zane, zane ya shige tsaga. Ko Babani da ya kawo ido kusa bai iya raba su ba. Ya koma kan kujera. Ya san yatsun Delu. Idan suka bi kunci suka ji shi sumul, za ta yi godiya, ta tura katakon ƙarƙashin gado, ba za ta sake maganar ba.

Iklima ta zuba masa ido. Can ta ce, “Kaka, juyo nan.”

“Me?”

“Naka da nata ba iri ɗaya ba ne?”

“Wanzami ɗaya ma ya yi mana. Shida nan, bakwai nan.”

“To a ara mata naka.”

Babani bai yarda da ɗaukar hoto ba sai na fasfo. Ko a bikin 'ya'yansa, idan mai hoto ya matso, da ido yake korarsa. Yanzu ga shi zaune a bakin shago inda haske ya fi, jikarsa ta kama haɓarsa tana juyawa yadda take so. Masu jiran motar Bassam suna kallo. Wata mai sayar da alloko, soyayyar ayaba, ta ce da Faransanci tsohon ya yi kyau, ko zai shiga fim ne.

“Me ta ce?”

“Ta ce ka daina ɗaure fuska, zanen yana lanƙwashewa.”

“Ƙarya kike.”

Amma ya saki fuskar.

Ta ɗauke shi hoto, ta kwashi layukan daga kuncinsa a odinater, ta rage su, ta ɗora a na Inna ɗaya bayan ɗaya. Ta sa sabon katako. Babani ya tsaya kan injin, hannu a baya, yana kallo ta gilashin murfi. Ɗigon haske yana kai da komo, hayaƙi siriri yana tashi. Goshi ya fito, idanu suka fito, sai kumatu. A kan zanen ta sa hasken ya maimaita har ramin ya yi zurfi. Da ta ciro katakon, ya sa babban yatsa ya shafa. Bai ce ya yi ba. Cewa ya yi, “Rufe shagon, ki zo mu je.”

Sun sami Delu a tsakar gida kan tabarma, tana ɓarar gyaɗa. Babani ya ɗora mata katakon a cinya.

“Mene ne? Faranti?”

“Ki shafa dai, Yaya.”

Ta goge hannu a zane. Yatsunta suka fara daga sama, suka bi kallabi, suka sauko goshi, suka tsaya kaɗan a idanu. Da suka kai kunci sai suka daina sauri. Leɓunanta na motsi, tana bin layi ɗaya ɗaya daga gefen baki zuwa kunne. Ta koma ɗaya kuncin ta yi haka.

“Inna,” ta ce a hankali. “Sannu da zuwa, Inna.”

Iklima ta juya tana share ido da gefen mayafi. Babani ya kafa wa igiyar shanya ido.

Sai yatsan Delu ya koma kuncin hagu ya tsaya. Ta sake bi. Kafaɗunta suka fara rawa.

“Babani, zo nan.”

Ya durƙusa. Ta lalubo fuskarsa da ɗaya hannun, ta kama kuncin kamar na yaro.

“Wannan karkataccen layin naka ne. Na Inna a miƙe suke duka. Kai ne ka harba ƙafa ranar aska, hannun wanzami ya goce. Ina tsaye a wurin, ihunka har bakin rijiya.”

“Ban yi ihu ba.”

“Kana da kwana nawa a duniya da za ka sani?”

Iklima ta zauna daɓas tana dariya. Ta ce, “Hajiya, kawo in gyara. Gobe zan miƙe shi.”

Delu ta rungume katakon a ƙirji.

“Ba mai taɓa mini shi. Uwata na nema, aka haɗo mini da ƙanena. Kai kuma tashi, gwiwarka ba ta durƙuso ba ce. A kawo wa yarinyar nan abinci.”