Lungun Fanna

Babanmu, Malam Mikail mai ɗinkin hula, bai taɓa kiran sunan yayarmu ba. Ita ce 'yar fari, kuma a gidanmu na unguwar Zaitawa kunyar ɗan fari ba abin wasa ba ce. Kakanninmu daga Barno suka zo, amma a wannan fanni mun fi Kanawan ma tsanani. In ta durƙusa ta gaishe shi, sai ya amsa yana kallon allurarsa. In ruwa yake so, "ke, waccan" ya ishe shi.

Yayar tamu, Fanna, gyaran amare take yi da haɗa turaren wuta. Tun daga Ƙofar Wambai mata ke zuwa suna tambayar ina ne lungun Fanna, har sunan ya bi lungunmu ya zauna daram. Nan Baba ya samu ƙofa. Mutum ne mai tsara waƙa, irin wadda ake rerawa a walimar saukar karatu, sai ga Lungun Fanna a baiti bayan baiti: ƙamshinsa, inuwarsa, albarkarsa. Lungun da akuya biyu ba sa wucewa a jere! Abokansa na yi masa tsiya, ita kuwa tana ɗaki tana ji, tana dariya cikin mayafi.

Sanƙarau ya ɗauke ta shekarar da ya yi ɓarna a Kano. Baba bai zubar da hawaye a gaban kowa ba. Waƙa ya yi, doguwa, a kan yadda Lungun Fanna ya yi shiru, duk wanda ya ji sai ya sunkuyar da kai.

Da soja suka koma bariki aka yi zaɓe, muka samu kansila, Jibrin, mutum mai ladabi daga can ƙarshen mazaɓa, bai san mu ba. Ya zo da alkawarin gina kwata da kafa allon suna a kowane lungu. Namu za a mayar da shi Layin Alhaji Ashafa, wanda ya tsaya masa a kamfen. Aka tara maza a ƙofar gidan mai unguwa. Ina zaune kusa da Baba.

"Lungun nan yana da suna," in ji Baba.

Jibrin ya russuna. "Allah ya ba ka haƙuri, Baba, ban sani ba. Wane ne mai sunan? In na wani ne a nan, wallahi ba zan taɓa shi ba."

Kowa ya san amsar, amma kowa ya zuba wa Baba ido, don ba a riga uba magana. Na buɗe baki, ya danne min gwiwa da ƙarfin da ban san yana da shi ba.

"Wata ce," ya ce. "Mai gyaran amare. Ta rasu."

"Taka ce, Baba?"

Ya kalli tabarma. "Ta unguwa ce."

Shi ke nan. Dattijo ya faɗi tasa, wa zai ƙaryata shi a bainar jama'a? Aka shafa fatiha aka watse. Na fi wata ba na iya haɗa ido da shi don haushi, kuma har yau in na tuna sai zuciyata ta yi zafi.

Aka kafa allo, aka gina kwata. Mata masu neman gyara sun daina zuwa tuntuni, sabon suna bai sha wuya ba ya kama bakin mutane.

Bayan sallar layya aka gayyaci Baba walima a Ƙofar Ɗan Agundi, aka roƙe shi waccan doguwar waƙa. Ya fara lafiya lau, murya garau. Da ya iso wurin sunan sai ya tsaya. Ya koma farkon baitin, ya sake tsayawa. Ya ce tari ne, ya zauna.

A hanyar gida na kasa haƙuri. "Baba, ai waƙarka ce. Allo bai hana ka faɗa ba."

Ya tsaya, ya dafa katanga.

"A da, wurin nake kira, Bashir. Yanzu wurin babu. In na faɗa, ita na kira. Kuma ba za ta amsa ba."