Hannun Mai Aski

"Rufe idonka, Baba," in ji likitar. Ta ɗora masa wani abu a tafin hannunsa na dama. "Mene ne wannan?"

Mai aski ya jujjuya abin. Yatsun suna motsi sarai, amma kamar hannun wani aka ara masa.

"Cokali?"

Ya buɗe ido. Makulli ne.

Matarsa, da ke tsaye a bayansa, ta ce, "Wata biyu fa ina murza masa man zafi safe da yamma, tun ranar da ya faɗi."

"Hannun lafiyarsa lau, Mama. Abin a ka yake." Likitar ta taɓa saman kanta. "A ƙwaƙwalwa akwai wurare biyu maƙwabtan juna. Ɗaya shi ke aika wa hannu ya motsa, ɗayan shi ke karɓar abin da hannun ya ji. Jinin da ya toshe ya bar mai aike, ya taɓa mai karɓa."

"Jin zai dawo?" in ji mai aski.

"Wataƙila, a hankali. Amma ban da abu mai kaifi tukuna."

Ya ce to. Da suka fito, sai ya ce wa matar ta wuce gida, shi zai leƙa shago ya kaɗe ƙura kawai.

Shagon taku uku ne a faɗi: kujera ɗaya, madubi mai tsaga a gefe, fankar da ba ta juyawa. Shekara talatin nan ne duniyarsa, kuma bai iya wata sana'a ba. Bai gama shara ba sai ga Dogo direba ya duƙo ta ƙofa, gemu buzu-buzu.

"Kai, tsoho! Ashe ba ka mutu ba? Dubi yadda ka mayar da ni. Na rantse ba wanda zai taɓa min wuya sai kai."

"Bakinka dai bai warke ba."

Dogo ya faɗa kujera. Mai aski ya so ya ce masa ba yau ba, amma ya fasa. In ya faɗa wa Dogo, kafin la'asar duk tasha ta ji. Ya ɗaura masa farin ƙyalle, ya shafa kumfa, ya ɗauko aska.

Kamar kullum, ya goga bakinta a babban yatsansa don ya ji kaifi. Bai ji komai ba.

"Ta dakushe," ya ce. "Zaman banza ya ɓata ta."

Ya wasa ta a jikin fata, ya sake gwadawa, wannan karon da ɗan ƙarfi, idonsa na kan gemun yana neman inda zai fara. Har yanzu bai ji komai ba.

Dogo ya daina surutu. A madubi yake kallon ɗigon ja yana sauka a kan ƙyallen, ɗaya, biyu, uku. Mai aski ya bi idonsa da kallo, ya ga yatsan a tsage.

Wata mota ta wuce tana hon.

Dogo ya share kumfar da gefen ƙyallen.

"Ka san me? Bar gemun nan. Uwargida ta ce yana min kyau."

"Ta ce haka?"

"Wallahi. Sai dai in zo wani satin mu yi hira."

Mai aski ya ajiye askar. Ya zagaya bayan kujera zai kwance ƙyallen, sai da ya sunkuya ya sa ido sosai kafin yatsunsa su gane inda ƙullin yake.