Faifan Hajja Kaka

Jalaluddeen ya yi wa kakarsa ƙarya, kuma da hannunsa ya rubuta ta har sau biyar. Ba yaro ba ne balle a ce ƙuruciya. Magidanci ne mai 'ya'ya biyu, ma'aikaci a Kazaure, kuma duk danginsu shi kaɗai ne mai kwamfuta a gida.

Wata huɗu kafin asirinsa ya tonu Hajja Kaka ta taso daga Babura da faifan DVD naɗe cikin ɗankwali. Bidiyon walimar auren autanta ne, wanda aka ɗauka a ƙauyensu na Barno kafin rikici ya tashe su. A ciki akwai inda marigayi mijinta, Malam Hussain, yake tsaye a ƙofar gidan da yanzu babu shi, yana addu'a da Barbarci, sannan ya kira sunanta ya yi dariya. Minti huɗu ne kacal. Duk duniya babu inda muryar mutumin nan ta rage sai a nan. Faifan ya fara sarƙewa, shi ya sa ta ce a yi mata kwafi kafin ya mutu.

Ya yi ƙoƙari, wannan kam ba za a hana shi ba. Sau shida yana sa faifan, kwamfutar na kaiwa kashi sittin da uku sai ta tsaya tana gurnani, ta watsar da abin da ta ɗauka. Tsohuwa na kan tabarma tana gaya wa matarsa Khadijat cewa jikanta ya fi injiniyoyin Kano, ga motar Babura ta kusa tashi. Abin da ya kasa shi ne buɗe baki ya ce aikin ya gagare shi. Sai ya ɗauko sababbin faifai biyar da babu komai a kansu, ya rubuta wa kowanne "Walimar gida" da alƙalamin maka, ya haɗa mata da na asalin. Ya ce a ransa wani satin zai karɓo shi ya kai wa masu gyara. Wani satin bai zo ba.

Ranar wata Asabar da hantsi sai ga ta ta sauko daga a-daidaita-sahu, tana faɗa tun daga zaure. Wai na'urar maƙwabciyarta Dinatu ba ta da amfani. Tata kuwa wutar lantarki ta ƙona ta tun bazara, shi ne jiya ta shiga wajen Dinatu, suka sa faifai biyar ɗin nan ɗaya bayan ɗaya, ba abin da ya fito sai shuɗin allo. Har ta ce wa Dinatu ta daina sayen kayan gwanjo, Dinatu ta ce to ai gwanjon ne ke nuna mata waƙoƙin coci kullum.

Da ta zauna sai murya ta sauka.

"Kunna mini a kwamfutarka. Kwana uku ina neman yadda yake dariya, na kasa tunowa."

Jalaluddeen ya tambaya, kamar ba komai, ina na asalin yake. Ta ce ai ta ba Madu, ƙanin marigayin, tun watan da aka yi kwafin. Ga biyar sababbi fil, me za ta yi da tsoho? Shi ma ɗan'uwansa ne, ya ji muryarsa.

Ko a nan da ya faɗi gaskiya da ya rage wa kansa. Bai faɗa ba. Ya ce batirin kwamfutar ya yi sanyi, bari ya je ya dawo, ya hau babur ya kama hanyar Gwiwa, inda Madu yake zaune. Ya wuce duwatsun Roni yana lissafin yadda zai kwana Kano gobe, a wanke faifan, a cika biyar ɗin, ba wanda zai taɓa sani.

Bai sami Baba Madu a gida ba, aka ce yana gona. Gero ya yi kai, tsuntsaye sun sako shi gaba. Tun daga nesa Jalaluddeen ya hango igiya an ja ta daga wannan kusurwa zuwa waccan, an rataye mata ledoji da gwangwanaye da wasu abubuwa masu walƙiya suna juyawa a iska.

Tsohon ya tarbe shi da murna, yana tsokanarsa wai mutanen ofis sun zo koyon noma. Da aka zo kan maganar faifai ya ce ya kalla har ya gode Allah, sau nawa ma, har ranar da ya tsaya cak ya ƙi tafiya. Ya nuna igiyar da sanda.

"Ga shi can, na uku daga bishiyar kuka. Jan-baki ba sa son ƙyallinsa."

"Baba, a rana? Tun yaushe?"

"Sati biyar ko shida. To mene ne? Ba ta ce ka yi mata biyar ba? Ni ma jira nake ka yi mini sabo."

Jalaluddeen ya kwance shi da kansa. Rana da ruwan sama sun gama aikinsu. Faifan ya lanƙwashe, fatar bayansa ta ɓare tana manne wa yatsa, ana hango gero ta cikinsa. Baba Madu bai yi laifin komai ba, maganar da aka gaya masa ya yarda da ita.

La'asar sakaliya ya iso gida. Hajja Kaka na nan inda ya bar ta, ta jera faifai biyar a kan cinya, ta ƙi cin abincin da Khadijat ta ajiye mata, wai sai ta gani tukuna. Ya durƙusa ya ajiye na shidan a gabanta, ya faɗi komai tun daga ranar farko. Bai ɗora wa kwamfuta ba, bai ɗora wa Madu ba.

Ba ta yi kuka ba. Ta ɗaga faifan ta duba, ta goge ƙasar jikinsa da gefen mayafi. Abu ɗaya ta tambaya, ko ya kai ga wajen dariyar lokacin da yake gwada yin kwafin. Ya ce ya kai, sau shida ya ji.

"To kai ka ji," in ji ta.

Ya rasa abin yi, sai ya jawo wasan da ke tsakanin jika da kaka tun yana goye. Ya ce amaryarsa ta yi haƙuri, kada ta kai shi ƙara wajen alƙali. Ta dube shi kamar mai kallon baƙo. Ta ce wa Khadijat a tsayar mata da abin hawa, akwai wadda za ta ba haƙuri a Babura kafin magariba.

Ba ta tsine masa ba, ba ta kuma gaya wa kowa a dangi ba. Yana zuwa gaishe ta, tana amsawa, tana sa a kawo masa ruwa. Amma shekara biyu ke nan ba ta sake ce masa mijina ba. Malam Jalaluddeen take kiransa.