Sulallan Inna Rabi

Shekarar da aka kashe fam da sule aka kawo naira, Attahiru maƙerin farfaru na Tsafe ya ƙi ko kallon sabon kuɗi. Shi mutum ne da ake cewa kunnensa ya fi ma'auni. Ka ba shi zobe ya saki a kan uwar maƙera, kafin ƙarar ta mutu ya gaya maka azurfa ce ko ƙarya. Ba shi da shanu, gonarsa ma ba abin nunawa ba ce, amma mata daga Kucheri har 'Yandoto suna barin kayansu a ɗakinsa wata da watanni, babu shaida babu takarda. Wannan suna na amana shi ne abin da ya mallaka a duniya.

Da wannan sunan ne Inna Rabi, wata dattijuwa mai sayar da man gyaɗa a Bungudu, ta hawo mota takanas ta kawo masa gadon uwarta: tsofaffin sulalla masu hoton sarki mai gemu, irin na zamanin da Bature bai fara rowar azurfa ba. Ta ce ta ji tsofaffin kuɗi za su mutu, ita kuwa ba ta son na uwarta su mutu. A narka su a yi mata mundaye biyu, ta riƙa jin nauyinsu a hannu. Attahiru ya ƙulle su a tsumma ya sa ƙarƙashin buzu, ya ce ta ba shi mako uku.

A mako na biyu ya tafi ta'aziyya ƙauye, ya kwana biyu. A bayansa babban ɗansa Salisu ya zo gida. Salisu akawu ne a Gusau, magidanci mai agogo da biro a aljihu, wanda bai taɓa riƙe awartaki ba sai da aka dake shi. Ya ɗaga buzu zai yi salla, ya ga ƙulli. Ya ɗauka tarin ubansa ne, sai tausayin tsohon ya kama shi, ga ranar rufe canji ta matso. Ya kwashe ya kai wa Yelwa, wani mai canji a bakin kasuwar Gusau, aka cika masa jaka da fararen kuɗi sababbi ƙal. Ya dawo da su har da takardar gwamnati mai hotunan kuɗin, ya manna wa ubansa a bangon maƙera don ya waye.

Attahiru ya dawo ya tarar da aikin alheri. Salisu ya tsaya yana karanta masa takardar da yatsa, kamar mai koya wa 'yan aji ɗaya. Ga ja mai hasumiyar haƙar mai, ga ƙaraminsa mai auduga. Ga farare: mai koko, mai kwakwar manja, da babban mai dalar gyaɗa. An rubuta faɗin kowane da nauyinsa, ba a rage komai ba.

"Karanta mani mi anka zuba cikin hwarin," in ji Attahiru.

Salisu ya duƙa ya bi ƙananan baƙaƙe, ya ce jan ƙarfe ne da wani abu wai shi nikel.

"Azurhwa fa?"

"Ba su rubuta ba, Baba. Amma ai kuɗɗi kuɗɗi na. Wanga shi ka tahiya yanzu."

Attahiru ya ɗauki guda ya saki a kan uwar maƙera. Abin ya yi kwas, kamar murfin gwangwani. Bai zagi yaron ba, don baƙin cikin ya wuce zagi. Ilimin da ya sayar da ragunansa ya biya, shi ne ya shigo masa har ƙarƙashin buzu.

Washegari ya bi motar farko zuwa Gusau. Yelwa ya tarbe shi da goro da dariya, ya ce ai shi taimako ya yi, kuɗin da ko banki ba ya karɓa. Ya ce tun shekaranjiya wani Bakano ya kwashe su, kuma ciniki ya ƙare da zarar an yi musafaha. Yelwa ya san azurfa sarai, idonsa ma ya nuna hakan. Attahiru ya zagaya 'yan koli har la'asar yana neman sule mai gemu, ya samu uku, biyu a ciki na dalma.

Akwai hanyar da ta rage, kuma ya san ta, don ya sha tona asirin masu bin ta. A ƙera da farin ƙarfe, a wanke da ruwan azurfa. Idon Inna Rabi ya yi rauni, kuma in Attahiru ya ce azurfa ce, babu mai sake tambaya a ƙasar nan. Ya zauna gaban zuga-zugi yini guda bai hura wuta ba. Da safe ya ɗauki jakar ya nufi Bungudu.

Ya iske ta a zaure tana tace mai, da maƙwabta mata biyu. Ya so su tashi, suka gyara zama. Ya ajiye jakar ya ce sulallanta sun salwanta, an canza su da waɗannan. Ta zura hannu ta damƙo, ta jinjina, ta mayar.

"Wa ya canza?"

Sunan Salisu ya zo masa har baki. Amma akawun gwamnati da aka ce ya ɗauki ajiyar mutane a ɗakin ubansa, ina zai sa kansa a Gusau? Ga mata, ga 'ya'ya ƙanana.

"Ni na canza, Inna."

Ta daɗe tana dubansa. Ta ce da wani ne da ta ce rashin sani ne.

"Amma kai, Malam Attahiru, kowa ya san ba a ruɗin ka da hwarin ƙarhe."

Ya ce zai sayar da gonarsa ya nemo mata azurfa. Ta ce ya bar gonarsa, ba azurfar kasuwa ta kai masa ba.

Labari ya riga shi isa Tsafe. Ranar kasuwa mata suka yi ta zuwa maƙerar ɗaya bayan ɗaya, kowace da gaisuwa mai kyau da uzurin biki ya taso, tana karɓar ajiyarta. Ta ƙarshe wata ce daga 'Yandoto, wadda shi ya ƙera wa uwarta 'yan kunne. Ta kwance ƙullinta a gabansa, ta dudduba, sannan ta tambaye shi ko ya san wani maƙeri a Gusau da zai gwada mata kayan.