Farin Dasashi

Asabar ce ta biyu a watan Mayu, gari garau, sai iska mai sanyi da ke kaɗa ciyawa a kan tuddan rairayi. Ranar lalas ce a gidanmu, ranar da maƙwabta ke zuwa da dawakansu su taya mu buga wa maruƙa tambarin gidanmu, Vondra, da ƙarfe mai zafi. Wasu tun daga mil arba'in suka taho.

Wajen ƙarfe tara da rabi wata jar saniya da aka raba da ɗanta ta juyo a guje, ta haɗa Baba da ƙyauren ƙarfe. Ya durƙusa, ya miƙe, ya kaɗe hularsa.

"Arlis, tsohuwar budurwa ce ta rungume ka?" in ji Verl Hagedorn, maƙwabcinmu, daga kan doki. Aka bushe da dariya.

Baba ya ɗaga riga. Ba jini, sai jan shati a ƙasan haƙarƙarin hagu. "A kawo na gaba," ya ce.

Bayan kamar awa ɗaya na lura ya jingina da shinge, gumi na keto masa a cikin wannan iskar. Fuskarsa kamar toka. Ya shanye gorar ruwa biyu, yana ta murza kafaɗar hagu, alhali saniyar ba ta taɓa nan ba. Na yi kamar zan karɓi ƙarfen, na kama wuyan hannunsa. Sanyi ƙalau, a jiƙe. Jijiyar na bugawa da sauri, siririya kamar zare.

Na san wannan. A watan Fabrairu da gudawa ta faɗa wa maruƙanmu, likitar dabbobi ta nuna min: ka taɓa kunne, ka ɗaga leɓe, ka danna dasashi ka ga ko ja zai dawo. In bai dawo ba, jini ba ya isa inda ya kamata. Duk wanda ke garken nan ya san haka. Amma ba wanda ya taɓa ɗaga leɓen mutum, balle na mai gida.

"Baba, zo mu je asibiti."

"Mutum talatin sun bar aikinsu saboda ni, in tafi in bar su?"

"To buɗe bakinka in gani."

"Maraƙi ka mai da ni?"

Verl ya sauko yana dariya. "Kun ji likita Dalton! Yaron da sakandare ta gagara, ya yi wata huɗu a rijiyar mai, wata biyu a tuƙin tirela, yau kuma asibiti ya buɗe. Ƙaramin sani ƙuƙumi. Razana ce kawai, yaro. Ni doki ya taɓa taka ni, washegari na je rawa." Ya zuba wiski a kofi ya miƙa wa Baba.

"Kada ka sha!" na ce. Ya sha, yana kallona.

Na ruga gida. Mama na tsakiyar tukwane, ita da matan maƙwabta.

"Mama, jini ne ke zuba a cikinsa."

"Ka gani da idonka?"

"Ba a ganinsa."

"Dalton, ka san babanka. Bari a ci abinci in lallaɓa shi. Miƙo min farantin nan."

Wayar gida na nan jikin bango. Na ɗauka. Sai ga Baba a bakin ƙofa, ya biyo ni, yana numfashi sama-sama.

"Ka kira min motar asibiti a gaban jama'a, ka haɗa kayanka yau."

Na ajiye. Shekarata ashirin da uku, na sha haɗa kaya ba wanda ya kore ni, amma ranar na ajiye wayar. Wannan ne ke cina har yanzu.

Ƙarfe sha biyu da minti arba'in aka zauna cin abinci a dogon tebur. Baba ya miƙe zai yi addu'a, sai ya tsaya yana waige-waige.

"An tattaro shanun kuwa?" ya ce. "Wa ya bar ƙofa a buɗe?"

Ban ƙara neman izini ba. Na tsallake benci, na kama leɓensa na ɗaga a gaban kowa. Dasashin fari fat, kamar kyandir. Na danna, ba ma jan da zai dawo.

"Verl, zo ka duba maraƙinka!"

Ya leƙa. Cokali ya faɗi daga hannunsa. "Twila, waya!" ya daka wa Mama tsawa. "Jirgi za su turo, ba mota ba!"

Muka kwantar da Baba a ƙasa, muka lulluɓe shi da bargunan sirdi. Yana roƙon ruwa, Mama ta kawo, na ture kofin, don wataƙila tiyata za a yi masa. Minti arba'in muka yi kafin jirgi mai saukar ungulu ya sauka a bayan rumbu.

"Ƙarfe nawa abin ya faru?" ma'aikaciyar jinyar da ta zo a jirgin ta tambaya, tana neman jijiya ta kasa samu.

"Tara da rabi," na ce.

Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya. "Ina jin saifa ce ta fashe. Tun safe zuciyarsa ke gudu, jinin da za ta tura na ƙarewa. Jiki kan janye jini daga fata da hanji da ƙoda ya kai wa ƙwaƙwalwa, shi ya sa mutum ke tafiya yana magana. In ya fara ruɗewa, dabarar ta ƙare ke nan."

"Mun ɗauka razana ce," in ji Verl, murya ƙasa-ƙasa.

"Ku matsa min," in ji ta.

Baba ya rayu. An cire saifar. An ƙara masa jini leda tara. Ƙodojinsa biyu ba su sake aiki ba, sau uku a mako nake kai shi wankin ƙoda a asibiti, mil casa'in zuwa, casa'in dawowa. Shanu ɗari da sittin muka rabu da su kafin sanyi, don ba mai bin su. Dokinsa yana wurin Verl.